Eriya a Rufin Si Allal

Alheri na yi wa Si Allal ranar da na hau rufin gidansa da eriya a kafaɗa, ko cutarsa na yi? Shekara biyu ke nan ina juya tambayar nan, in kwantar da ita ta wannan gefe, in kwantar da ita ta wancan, har yau ta ƙi zama. Bushaib, mai sayar da rimot da caja a rumfar da ke manne da tawa, ya ce da ma ni ba amsa nake nema ba, juyin nake so. Shi ne ya laƙaba mini Alƙali, wai ko shayi aka kawo mini sai na saurari ɓangare biyu kafin in kurɓa.

Ni mai gyaran rediyo ne a kasuwar Darb Gallaf, a Kasablanka. Ban wuce aji huɗu ba a makaranta. Abin da na sani daga cikin rediyoyin da mutane suka jefar na koye shi, da tsofaffin littattafan da nake saye a kan kilo ina haɗa baƙaƙensu da ƙyar. Da wayar hannu ta cinye sana'armu, sai na koma sayar da rediyon hannu ga 'yan tsirarun mutanen da ke son sauraron jiragen sama. Ni ma ina cikinsu. Ban taɓa shiga jirgi ba, amma shekara ashirin ina jin matuƙa suna magana da hasumiyar filin jirgi, har na iya Turancinsu, wanda ba shi da yawa, abu guda ne ake ta maimaitawa.

Ranar wata Talata, kafin azahar, wani tsoho ya tsaya a bakin rumfata. Jallabiya ce a jikinsa ruwan ƙasa, mai hula a baya, fuskarsa kuma irin ta wanda rana ta daɗe tana gasawa.

"Salamu alaikum. Kai ne Mu'allim Lahsan? An ce kana da rediyon da ake jin jirgi."

Kafin in amsa Bushaib ya leƙo. "Baba, jin jirgi ai ba sai da rediyo ba. Fita waje ka ɗaga kai, kyauta ne."

"Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga kai, ɗana," in ji tsohon, ko kallonsa bai yi ba. "Wuyan ya gaji."

Na ba shi kujera, na jawo akwatin da nake ajiyewa ƙarƙashin tebur, domin irin wannan kaya ba a baje shi a fili. Guda uku na fito masa da su. Na farko ɗan Japan ne, kusan sabo, dirhami dubu biyu da ɗari biyar. Ya ji kuɗin, ya yi murmushi, ya ture shi gefe da yatsa ɗaya. Na biyu ɗan Sin ne, irin oba-oba ɗin masu gadi, dirhami ɗari uku. A jikin kwalinsa an zana jirgi, kuma gaskiya yana kamawa, sai dai muryar tana fitowa kamar mutum na magana da kuskus cike da baki. Na uku tsoho ne mai kauri kamar bulo, na saye shi daga hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Gilashinsa ya tsage, yana cin batir huɗu kamar mayunwaci, amma kunnensa ya fi na sauran biyun. Ɗari shida.

Tsohon ya ɗauki ɗan Sin ɗin yana juyawa, babban yatsansa ya faɗa kan maɓallin da ke gefe.

"Wannan na mene ne?"

"Na magana ne. In ka danna, sai a ji ka."

Ya sake shi a kan tebur kamar ya taɓa garwashi. "A ji ni a ina? A hasumiya?"

"A'a, Baba. An toshe masa wannan hanyar, ba zai kai can ba."

"Amma yana da baki."

"Yana da baki."

"Mayar da shi. Ba ni wanda kunne kaɗai gare shi."

Bushaib ya ce, "Wallahi Baba ka iya zaɓe. Da haka na yi lokacin aure, da yanzu ina da ƙiba."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya biya kuɗin bulon ba tare da ciniki ba, abin da ya sa na ji kunya na ƙara masa batir. Na nuna masa yadda ake murɗa maɓallin da ke rufe bakin hayaniya, na rubuta masa mitoci huɗu a bayan kwalin sigari, na gargaɗe shi kada ya fita da shi waje, musamman kusa da shingen filin jirgi. Na tambaye shi inda yake zaune, ya ce Barrashid, wani gari kudu da filin jirgin. Na ce zai ji jirage har ya gaji. Ya jefa rediyon cikin hular jallabiyarsa ta baya, inda tsofaffinmu ke ajiye komai, ya ce sunansa Allal, ya tafi.

Kwana tara ya yi ya dawo. Ya ɗora rediyon a kan tebur a hankali.

"Mu'allim, abin nan naka kurma ne a kunne ɗaya."

Na kunna, na ji ba abin da ya same shi.

"Maza kawai nake ji," in ji shi. "Suna amsa wa wani, amma wanda suke amsa wa ba ya fitowa."

Sai na gane. Yawancin masu saye jiragen suke so, shi ya sa ban yi masa wannan bayani ba tun farko. Na ce masa muryar irin wannan rediyo kamar ido take, sai abin da take hange. Jirgi yana sama, ba abin da ya tsare tsakaninku, za ka ji shi ko yana kan teku. Hasumiya kuwa a ƙasa take, tsakaninta da Barrashid akwai gidaje da tudu da bishiyoyi. Kowa da ke nesa rabin magana yake ji.

Ya jinjina kai. "Ina jin su suna cewa, mun gode madam. Wani ɗan ƙasarmu ma ya ce, Allah ya taimake ki, lalla. Sai shiru. Sai su ce to, mun ji. A cikin shirun nan take."

"Wa?"

"'Yata. Nazha."

Na aika aka kawo shayi. Bushaib ya jawo kujerarsa kusa, kuma a karon farko tun da na san shi ya rufe baki.

Si Allal ya ce aikinsa a filin jirgi korar tsuntsaye ne. Shekara talatin da ɗaya yana can ƙarshen titin jirgi da tsohuwar mota da bindigar ƙara, yana fama da shamuwa da balbela kada su faɗa cikin inji. Bai taɓa hawa hasumiya ba, daga nesa yake hango ta. Ranar da ya fara aiki shugabansu ya nuna masa ita ya ce: wanda ke zaune can sama, rayuka ɗari uku ne a bakinsa, ba ka kiransa sai in shi ya kira ka, in ka raba masa hankali na daƙiƙa ɗaya kai ka kashe su. Wannan magana ta zauna masa kamar karatun sallah. Da 'yarsa tilo ta yi karatu har aka ɗauke ta aiki a wannan hasumiyar, sai da ya yanka rago.

"Makonta na farko ne da aka bar ta ta riƙe jirage da kanta," in ji shi. "Watan Agusta. Ta fita da asuba, sai bakwai na yamma za ta tashi. Ƙarfe tara uwarta, Lalla Zuhur, tana kwaɓa burodi, ta faɗi a gefen kwano. Kafin likita ya iso an gama. Mata suka cika gida, kowacce ta ciro waya. Na ce wallahi ba mai kiran ta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na karɓe wayoyin, na zuba a hular jallabiyar nan. 'Yan'uwan Zuhur suka ce zafi ya yi yawa, ba za a kwana da ita ba. Muka kai ta bayan la'asar."

Ya juya kofin shayinsa a kan tire.

"Ƙarfe takwas Nazha ta shigo layi da kwalin alewa a hannu, ta sayo wa uwarta. Tun daga bakin layi ta hango rumfar makoki. Ba ta yi ihu ba. Da ta gama jin yadda aka yi, sai ta dube ni ta ce, tunda ba ka kira ni yau ba, Baba, kada ka sake kirana. Ta yi kwana uku cikin mata, ta koma ɗakinta a Nuwasir, kusa da filin jirgi. Shekara uku ke nan."

Can sai ya ɗago.

"Amma na yi daidai, ko ba haka ba, Mu'allim? Kai ka san jirage. Nawa ne a sama ranar? Da na kira ta hankalinta ya tashi, uwaye nawa za a binne maimakon ɗaya? Ta yi fushi, hakkinta ne. Ni dai na san ban kashe kowa ba. Da wannan nake barci."

Ni kuwa na san abin da shi bai sani ba. Duk wanda ya daɗe yana sauraron hasumiya ya san shi. Ba mai zama a kujerar nan tun safe har yamma. Bayan awa ɗaya da rabi, ko biyu, sai ka ji murya ta canza. Wani ya zo ya tsaya a bayanka, ka nuna masa jiragen da ke hannunka, ya zauna, kai ka je ka sha ruwa. Matuƙan ma ba sa lura. In kuma wani abu ya taso wa mutum daga gida, minti biyu ya isa a karɓe shi. Na ji hakan ya faru sau dubu. Shi da ya ƙare rayuwarsa a ƙarshen titi da tsuntsaye, ya san ana shiga da safe a fita da yamma, bai san abin da ke tsakani ba. Katangar da ya jingina da ita shekara uku, ba katanga ba ce.

Na ce, "Si Allal, ka kira ta mana. Shekara uku ai an huce."

"A'a."

"Kana da lambarta?"

"Tana nan." Ya taɓa hular jallabiyarsa. "Ta ce kada in kira. Ni mutum ne mai bin doka, da ita na ci abinci. Ba magana nake so in yi mata ba, Mu'allim, ji kawai nake so." Ya yi ƙasa da murya. "Muryarsu ɗaya da uwarta. A waya ni kaina ba na rabewa. Tun da aka rufe Zuhur, muryar nan ta fara ɓace mini. Ina tuna abin da take faɗa, amma ba na jin yadda take faɗarsa. Ka ce abin kamar ido yake. To, in an ɗaga masa kai fa? Rufina bene biyu ne."

Gaskiyarsa. Eriya a kan dogon bututu, da waya mai kyau, za ta kama hasumiya daga Barrashid sarai. Aikin yini ɗaya ne. Amma duk ranar da ya ji ta, kafin awa biyu zai ji an karɓe ta.

Na ce masa ba a samun irin wayar da ake bukata yanzu a kasuwa.

Bushaib ya dube ni, ya dubi naɗin wayar da ke rataye a saman kaina, ya ɗauki kofinsa ya koma rumfarsa.

Sau biyu Si Allal ya sake zuwa a cikin watan. Na farko na ce kaya ba su iso daga tashar jirgin ruwa ba. Na biyu na hango hularsa daga nesa, na zame ta bayan rumfa na tafi masallaci tun ba a kira sallah ba. Ina zaune a can ina auna abin. Mutum ya kusa saba'in, abu ɗaya ya rage masa da yake kwana a kai. In na bar shi, zai mutu yana ganin ya sayi rayukan baƙi da fushin 'yarsa, ciniki mai ɗaci amma mai daraja. In na ɗaura masa eriya, zai san a banza ya hana yarinya ganin fuskar uwarta. Wace gaskiya ce ta cancanci a yi wa tsoho haka? Na ce a raina rufa masa nake yi.

Da na dawo na tarar da Bushaib yana cin sardin da burodi a kan teburina.

"Mutuminka ya zo. Ka san inda yake zuwa yanzu? Tasi yake shiga zuwa Nuwasir, ya zauna gindin bishiyar turare kusa da shinge, da bulonka a hula. Jiya wani mai gadi ya kama shi. Allah ya taimake shi tsohon abokin aikinsa ne, ya ce masa ya tafi, gobe ba shi ne a wurin ba."

"Ya ji ta?"

"Ko kunnawa bai gama yi ba." Ya tsame ƙaya daga bakinsa. "Alƙali, in tambaye ka. Hularka ba ta yi maka nauyi?"

"Wace hula?"

"Wadda ka zuba wayoyin a ciki. Shi ya yanke wa 'yarsa abin da za ta iya ɗauka, kai kuma ka yanke masa. Ku biyun ku buɗe kotu mana, ni in riƙa sayar da shayi a ƙofa."

Na ce masa bai san abin da yake faɗa ba, mai sayar da rimot ne kawai. Ya ce haka ne, shi ya sa yake barci lafiya.

Washegari na yanko sandunan jan ƙarfe biyar, kowanne santimita sittin. Ɗaya ya miƙe sama, huɗu suka karkata ƙasa kamar ƙafafun gizo-gizo. Na liƙe su da dalma, na auna waya mita goma sha biyu daga naɗin da na ce babu. Na aika wa Si Allal cewa ina zuwa. Ya aiko cewa in zo ranar Lahadi da safe, ranar tana aikin safe. Daga baya na ga yadda ya sani. A bangon ɗakinsa akwai kalanda uku a jere, ya bi ranakun aikinta da fensir tun daga makon farko, safe, yamma, hutu, bai tsallake ko ɗaya ba.

Na shiga jirgin ƙasa na bakwai da rabi. Gidan yana ƙarshen wani layi, tsaf da shi, shiru kamar an hana shi numfashi. Silifas ɗin mace na nan a bakin ƙofar kicin, an jera su, ba ƙura a kansu. Babban kwanon kwaɓa burodi yana ƙasa an rufe shi da farin ƙyalle. Ban tambaya ba. A rufi kuma igiyar shanya tana nan da maƙalanta na katako, rana ta cinye launinsu. Shamuwa biyu na tsaye a kan hasumiyar masallacin unguwa. Si Allal ya tafa musu hannu ya yi tsaki, bai ma san ya yi ba.

Ina ɗaure bututun a jikin ƙarfen tankin ruwa na ce, "Si Allal, akwai abin da ya kamata in faɗa maka kafin mu kunna."

"Ɗaura tukuna."

"Game da yadda suke aiki ne a can."

"Mu'allim, wata guda ka sa ni jira. Ɗaura."

Na ɗaura. Na juya eriyar ta fuskanci arewa, na haɗa wayar da rediyon, muka zauna a inuwar tanki a kan buhu. Ƙarfe tara saura kwata. Na murɗa. Hayaniya ta taso, na rufe mata baki. Wani matuƙi ya yi magana, ya ce ya taso daga Dakar, yana neman izinin sauka ƙasa-ƙasa. Sai wurin da shiru ya saba zama ya buɗe.

Murya ce ta mace, ba ta da ƙarfi, tana da ɗan kauri a ƙasa, ba gaggawa a cikinta. Ta kira lambar jirgin, ta ba shi tsawon da zai sauko, ta ce ya karkata dama.

Si Allal bai dubi rediyon ba. Matakalar bene ya juya ya duba, kamar an kira shi daga kicin. Har ya dafa ƙasa zai tashi. Na ga leɓensa ya motsa, na ji ya ce, "Na'am, Zuhur." Ni da ban taɓa sanin matar ba, sai da na kalli matakalar ni ma.

Ya koma ya zauna. Ya ɗauki rediyon da hannu biyu ya ɗora a gwiwa.

"Me ta ce?"

"Ta ce ya sauko zuwa ƙafa dubu biyar."

"Ya kuwa sauko?"

"Ya ce ya ji, yana saukowa."

"Haka uwarta take," in ji shi. "Sau ɗaya take faɗa."

Muka zauna haka. Tana magana, ina fassara masa, daga baya ya ɗaga mini hannu ya ce in bari, ba ma'anar yake so ba. Ya rufe ido. Jirage suka yi ta wucewa ta gabas da mu, ɗaya bayan ɗaya, cikinsu na walƙiya a rana. Ni kuwa agogo nake kallo. Tara da rabi. Goma saura kwata. Mahaɗin wayar yana daidai gefen ƙafata. In na murɗa shi sau ɗaya muryar za ta ɗauke, in ce dalma ce ta saki, in gyara bayan rabin awa lokacin da ta dawo. Zan iya ma koya masa ya riƙa kashewa bayan awa ɗaya don batir. Na sa hannu a kan mahaɗin. Ƙarfen ya yi zafi da rana. Na daɗe a haka, sannan na janye hannuna na sa a aljihu.

Goma da minti biyar ta ce wa wani jirgi ya rage gudu. Matuƙin ya maimaita. Muryar da ta biyo baya ta namiji ce, mai sauri, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta ce wa jirgin nan dai ya karkata hagu.

Si Allal ya buɗe ido. "Ya sauya tasha."

"Bai sauya ba."

"To ina take? Me ya same ta?" Ya girgiza rediyon. "Mu'allim, wani abu ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Hutu ta tafi. Wannan ya karɓe ta."

"Hutu? Ƙarfe goma?" Ya dubi sama. Jirgin yana nan tafe, ya saki ƙafafunsa, yana saukowa a natse kamar ba abin da ya canza. Ya bi shi da ido har ya ɓace bayan gidaje. Wani ya biyo shi. Namijin nan yana ta magana, matuƙa suna amsa masa yadda suka amsa mata.

"Kullum haka suke yi?"

"Kullum. Duk bayan awa biyu, ko ƙasa da haka."

"Ko a makon farko?"

"A makon farko ma sun fi sa ido, akwai wani a kusa."

Ya juyo gare ni. "In kuma ba lokacin hutu ba ne? In aka kira daga gida?"

Na so in ce ban sani ba, amma na ce, "Shugabansu zai dafa kafaɗarta, wani ya zauna. Minti biyu."

Bai yi kuka ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye rediyon a kan buhu, ya dubi igiyar shanya, ya daɗe yana kallon maƙalan nan.

"Daga can zuwa nan minti ashirin da biyar ne a mota," in ji shi. "Da ƙarfe goma tana gida. Da ita ta wanke uwarta. Zuhur ta taɓa ce mini, in na riga ka, Nazha ce za ta taje mini kai, ba na son hannun kowa. Matar liman ce ta yi."

Shamuwan nan suka taso suka sauka a kan bangon maƙwabci, bai kore su ba.

"Ka sani tun ranar shayin nan."

"Na sani."

"Shi ya sa waya ta ƙare a Darb Gallaf."

"Shi ya sa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ban ga fushi a fuskarsa ba, ban kuma ga godiya ba, kuma tun daga ranar ban sake ganinsa ba balle in tambaya. Ya zama kamar mutumin da aka sauke wa kaya daga ka, sai ya ga ashe kayan ne ke riƙe da shi a tsaye. Na fara tattara filaya da guntayen waya ina zubawa a jaka, don in sami abin yi da hannuna.

"Mu'allim."

"Na'am."

"Hutun nan, minti nawa ne?"

"Rabin awa. Wani lokaci ya ɗan fi."

"Nawa suka tafi?"

Na duba agogo. "Tara."

"A hutun suna riƙe waya?"

"Ina jin suna riƙewa."

Ya miƙa hannu baya, ya laluba cikin hular jallabiyarsa, ya ciro wata tsohuwar waya mai maɓallai da aka ɗaure da roba. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa.

"Kawo in nemo maka sunan," na ce.

"A'a."

"Me za ka ce mata?"

"Ban sani ba. Da ina da abin da zan ce, na ce na yi daidai. Yanzu ba ni da komai." Ya share gilashin wayar da bakin hannun riga. "Wataƙila ba za ta ɗauka ba."

"Wataƙila."

Namijin nan yana ta ba jirage umarni daga kan buhu. Si Allal ya sunkuya, ya lalubi maɓallin da kansa, ya murɗa har ya yi ƙas. Rufin ya yi tsit, sai iska a jikin sandunan jan ƙarfe. Na rataya jakata na nufi matakala, domin wannan ba maganar da zan saurara ba ce, ko rabinta. Ina taka ta farko na waiwaya. Yana tsaye gefen igiyar shanya, ya juya fuskarsa arewa, ya danna, ya kara wayar a kunnensa.